Kwalekwalen Da Ke Kusurwa

Yayana fanel bita ne. Mota ta yi karo ta lotse, a jawo ta garejinsa, ya yi ta dukanta da guduma har ta dawo cikin hayyacinta. Aikin ya iya shi, ba zan rage masa ba. Inda aka samu matsala shi ne ya ɗauka mutane ma haka ake gyara su. Shi ya sa duk layinmu Guduma ake ce masa, a bayan idonsa dai. Ni kaɗai ke faɗa masa a fuska, don ni ƙanwarsa ce, kuma ni bai taɓa ɗaga min hannu ba.

Shagona na ɗinki yana kallon garejinsa, titi ne kawai a tsakaninmu, saboda haka ina kan keke ina ganin komai. Na ga ranar da ya jefi mai walda da sifana, ta wuce ta gefen kunnensa ta fasa gilashin motar mutane. Na ga ranar da ya shaƙe mai fenti har idanunsa suka firfito, wai don ya ce ƙofar da ya buga ba ta miƙe ba. Na kuma ga ranar da wani direba ya gicciya tirelarsa a bakin gareji. Yaya ya ce ya matsa, direban ya ce in ya isa ya matsar da ita da kansa. Naushi ɗaya ya yi masa. Haƙoran gaba biyu suka faɗo kan kwalta, mutumin ya durƙusa yana laluben su cikin jini kamar ni in na zubar da maɓalli. 'Yan sanda suka tafi da Yaya, suka karɓe bel ɗinsa da wayarsa, ya yi kwanaki a kulle. Da za su sake shi, babbansu ya ce in ya kuskura ya dawo sai ya manta kalar rana. Direban kuwa ya sha alwashi da bakinsa mai giɓi. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Ba wanke Yaya nake yi ba, amma na san inda ya samo hannun. Babanmu ɗan dako ne, in ya kwaso gajiya a kanmu yake saukewa, da bel mai kan ƙarfe. Yaya na jin takunsa zai tura ni kusurwar ɗaki bayan ƙofa, ya rufe ni da tabarma, ya tsaya a tsakiya ya karɓi rabona da nasa. Har yau tabon yana bayansa. Na yi zaton wanda ya sha irin wannan ba zai taɓa dukan kowa ba, ashe koyo yake yi.

Matarsa ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ita bai doke ta ba, amma ya doki ƙofa, ya doki bango, ya farfasa kwanuka a gabanta, sai ta kwashe kayanta ta koma can ƙarshen gari. Ɗansu ɗaya, wanda muke kira Siriri, ya zauna da uban don yana koyon aikin. Saurayi ne dogo, shiru-shiru, ya kusa ashirin. Inda uban zai buga goma, shi zai buga uku ƙarfe ya koma daidai. Shi ya kawo mana wasan nan na jiragen ruwa a waya.

Wata rana na kai musu abinci, na tarar da su zaune a kan tsohuwar kujerar mota, kowa da waya a hannu.

"Baba, ka ga wannan shuɗin? Teku ne," in ji Siriri. "An yanka shi gida-gida, goma a tsaye goma a kwance, gida ɗari ke nan. Kai da naka tekun, ni da nawa."

"To ina jiragen?"

"Ga su a ƙasa, guda biyar. Babban yana cin gida biyar, mai bi masa huɗu, biyu masu uku-uku, sai ɗan kwalekwale mai gida biyu. Ka ja kowanne da yatsa ka ajiye inda ka ga dama, a tsaye ko a kwance. Ni ba na ganin naka, kai ba ka ganin nawa."

"To ta yaya zan kashe ka in ba na ganinka?"

"Lalube za ka yi. Ka taɓa gida ɗaya a tekuna, igwa ta tashi. In ruwa ka samu, farin ɗigo zai fito, sai ni in harba. In ka samu jirgi wuta za ta kama, kana da ƙarin harbi, sai ka bi gefe da gefen wutar har ya nutse. Wanda ya fara nutsar da biyar ɗin ɗan'uwansa ya ci."

"In na ƙi harbawa fa?"

"Kwana ɗaya ake ba ka. In ya wuce, waya za ta rubuta min cewa ka gudu."

Yaya ya ajiye cokali. "Ni? In gudu? Jera naka, yaro."

Ya kama wasan kamar don shi aka yi. Ya ƙure ƙarar waya, duk layi sai an ji igwarsa. In ruwa ya samu sai ka ji cuɓul, ya ja tsaki. In ya samu jirgi sai dum, wuta ta turnuƙe, ya miƙe tsaye yana ihu, "Mutu! Nutse!" Siriri ya koya masa dabara, cewa kada ya harbi gida biyu a jere yana neman jirgi, ya riƙa tsallake ɗaya, tunda mafi ƙanƙanta ma gida biyu yake ci. Ya koya, amma ranar da aka ci shi sau uku a jere ya maka wayar da ƙasa ta tarwatse, sai da ya sayi wata. Kuma yana da halaye biyu da ya kasa bari. Na farko leƙe. Na biyu, kowane wasa sai ya ajiye kwalekwalensa a kusurwar ƙasa ta hagu.

"Baba, kullum a nan kake ɓoye shi," Siriri yakan ce yana dariya. "Ko ido rufe zan same shi."

"Nan ne wurinsa," in ji Yaya.

Ni dai na san wace kusurwa ce wannan.

Ranar da abin ya faru, da safe suka buɗe sabon wasa. Yaya ya leƙa ta madubin wata mota ya ga inda ɗan ya ajiye kwalekwalensa, a tsakiyar teku, ya yi shiru yana tanadin shi na ƙarshe don ya yi masa dariya. Sun yi 'yan harbe-harbe sai aiki ya shigo. Yaya yana buga murfin gaban wata mota, mai motar yana tsaye, sai Siriri ya ce, "Baba, bar shi haka, ka fara huda ƙarfen." Mai motar ya yi dariya. Dariyar nan ce ta jawo komai.

Yaya ya saki guduma ya ɗauki ƙarfen jak. Siriri ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Ina kan keke, duk ƙarar keken, sai da na ji ƙas, kamar an karya busasshen itace. Na ɗago na ga hannun yaron ya lanƙwashe a inda ba gaɓa, ƙashi ya huda fata, jini yana bin gwiwar hannu yana ɗiga kan takalminsa. Bai yi kuka ba. Kallon uban kawai yake yi. Na tsallaka titi ba takalmi, almakashi a hannuna, na tsaya a tsakaninsu na ce, "Ƙara ɗaya, Guduma. Wallahi ƙara ɗaya in kai ɗan halak ne, yau in farke maka ciki." Ƙarfen ya faɗi daga hannunsa.

Daga asibiti uwar ta wuce da ɗanta gidanta. Yaya ya je ƙofar, aka rufe ta a fuskarsa. Ya kira waya, an toshe lambarsa. Washegari yana zaune a gareji ya zuba wa bango ido, sai wayarsa ta ce dum a aljihu. Siriri ne, da hannun hagu, daga kan gado. Ya samu babban jirgin uban, ya bi shi gida-gida har ya nutse.

A 'yan kwanakin farko yaƙi suka yi na gaske. Yaron ba ya kuskure, ya nutsar da huɗu na uban ɗaya bayan ɗaya, kowace wuta Yaya sai ya runtse ido kamar a jikinsa ta sauka. Shi ma da yake jinin ɗaya ne, ya rama, ya nutsar da huɗu. Saura kwalekwalen da ya leƙa. Na shigo na tarar ya ɗaga yatsa a kansa.

"Harba mana," na ce. "Ai ka saba. Ka nutsar da shi wasa ya ƙare, sai ka gaya min da me za ka riƙa jin motsin ɗanka."

Ya daɗe yatsa a sama. Sannan ya kai shi can nesa, ya taɓa ruwa. Cuɓul.

Daga ranar rayuwarsa ta koma kan wayar nan. Mutumin da bai iya jiran ruwa ya tafasa ba, sai ga shi yana jiran yini guda cur don harbi ɗaya. Siriri ba ya harbawa sai lokacinsa ya kusa ƙarewa, shi ma Yaya ya koyi ja har ƙarshe don abin ya daɗe. Ya sa na ɗinka masa aljihu mai zip a ƙirjin rigar aiki. In aka ɗauke wuta ya haɗa caji da batirin mota. Zuciyar ba ta tafi ko'ina ba, na sha ganin ta ɗebe shi, amma sai ya juya ya narka wa wata matacciyar ƙofar mota guduma har ta zama faranti.

Ni ce na fara lura. Fararen ɗigon yaron sun cika tekun Yaya ta ko'ina, sama da ƙasa, amma kusurwar hagu tana nan shuɗi fes.

"Yaya, ka ga abin da nake gani? Shi ma kewayewa yake yi."

"Bai gano ba ne."

"Wanda ya ce ko ido rufe zai same shi?"

"Ke, je ki ɗinkinki," ya ce.

Na je na duba Siriri bayan an cire filasta. Hannun ya haɗe a karkace, ba zai ƙara riƙe guduma ba. Ya samu tsaron wani shagon kayan waya. Ya gaishe ni, ya ba ni kujera, amma da na ɗauko zancen ubansa sai ya ce, "Wasa ne kawai, Gwaggo," ya juya wajen mai saye.

To, teku gida ɗari ne, ba ya ƙaruwa. Watanni suka ja, ruwa ya yi ta ƙarewa a ɓangarorin biyu, har aka wayi gari kowannensu saura gida uku: biyu na kwalekwale, ɗaya na ruwa. Gidan ruwan da ya rage wa Yaya ya harba yana manne da kwalekwalen yaron, don tsoron kuskure ya sa ya yi ta barin na kusa sai ƙarshe. Kuma harbin nasa ne. Na tambaye shi me zai yi in wannan ma ya tafi. Ya ce bai sani ba, wataƙila yaron ya kira kafin nan. Duk yinin yana ciro waya yana mayarwa.

Da yamma ta fara yi, tirela ta tsaya a bakin gareji, a gicciye kamar wancan karon. Direban nan ya sauko da mutum uku, ɗaya da sarƙa, ɗaya da ƙarfen taya. Ya yi murmushi don a ga giɓin.

Yaya yana riƙe da guduma mai nauyi. Na san shi, na san da ita zai iya kwantar da biyu kafin su taɓa shi. Na ga ya ɗaga ta. Sai na ga hannunsa na hagu ya dafa aljihun ƙirji. In ya buga, 'yan sanda ne, in 'yan sanda ne za su karɓe waya, gobe ɗansa ya karanta cewa ubansa ya gudu. Ya saki gudumar ta faɗi.

Sarƙa ta fara sauka a wuyansa. Ƙarfen taya ya same shi a gwiwa, ya zube. Ya dunƙule a ƙasa, ya rufe ƙirji da hannu biyu, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Suna harbinsa da takalmi a haƙarƙari, a baki, a bayan kai. Direban ya ga yana kare wani abu, sai ya hau hannuwan da diddige yana murzawa yana cewa, "Wanne ne ya cire min haƙori? Wannan? Ko wannan?" Na ji yatsu suna ƙas-ƙas. Na fito ina ihu da dutsen guga a hannu, na jefi mai sarƙar a kafaɗa. Mai walda da mai fenti, waɗanda ya jefa ya shaƙe, su suka fito da ƙarafa suka kore su. Yaya yana kwance jina-jina cikin baƙin mai, bai ɗaga hannunsa daga ƙirji ba sai da na ɓamɓare shi.

A asibiti suka naɗe hannun dama gaba ɗaya. Na hagu yatsu biyu suka tsira, su ma sun kumbura sun yi suntum. Yana farfaɗowa ya ce, "Waya." Gilashinta ya tsage, amma tana aiki, lokacin kuwa ya kusa cika.

"Kawo in taɓa maka," na ce.

"A'a. Tsakanina da ɗana ne."

"Yaya, dubi yatsanka."

"Na ce a'a!"

Na riƙe masa wayar. Ido ɗaya ya rufe da kumburi, yatsan yana karkarwa, ya fi gidan faɗi. Ya saita, ya saita, ya sauke.

Dum.

Wuta ta kama rabin kwalekwalen Siriri. Ban taɓa jin sautin da ya fito daga bakin Yaya ba, ko a hannun babanmu. Waya ta ba shi ƙarin harbi. Ya ce, "Taɓa min ruwan, don Allah taɓa min ruwan." Na taɓa. Cuɓul. Amma wutar tana nan tana ci a allon.

Wannan karon ba mu jira yini ba. Ko ajiye wayar ban yi ba ta ce dum a kusurwar hagu. Ta sake cewa dum. Kwalekwalen Yaya ya tsage ya nutse, aka rubuta masa an ci shi. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna girgiza. A ƙasan allon akwai wurin neman a sake wasa, na danna masa. Shiru.

Washegari na isa shagon kayan waya raina a ɓace. Siriri ya miƙe zai gaishe ni, ni kuwa ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Ya kare kansa da karkataccen hannun nan, daidai yadda ya yi a gareji. Na tsaya da hannu a sama, kunya ta rufe ni, na sauke shi. Na zauna na ba shi labari tun daga tirela har yatsan da ya zame.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Kuskure ne ke nan."

"Kuskure ne, ɗana. A gabana aka yi."

Ya shafa inda ƙashinsa ya haɗe. "Nawa fa, Gwaggo? Shi ma kuskure ne?"

"A'a," na ce. "Naka ba kuskure ba ne."

"Da gudumar a hannunsa, ya yar?"

"Ya yar."

Bai ce zai zo ba, kuma bai zo ba. Na koma asibiti da nauyin zuciya, ina tunanin yadda zan faɗa wa Yaya. Na tarar da wayar a kan ƙirjinsa tana haske. An karɓi wasan. Sabon teku ne, gida ɗari, shuɗi ba ɗigo ko ɗaya, jirage biyar suna jira a ƙasa.

Wannan karon bai yi musu ba, ya ce in jera masa. Na ja babban na kai sama, na warwatsa sauran yadda ya nuna. Da na zo kan kwalekwalen na nufi tsakiya da shi.

"A'a," ya ce. "Kusurwa. Ta hagu."

"Haba Yaya, ai ya san nan. Duk ranar da ya ga dama harbi biyu zai yi ya gama da kai."

"Na sani," ya ce. "Sa shi a nan."